Ƙaramar Jif da Tef ɗin Baba Daidai

Ba wanda ya san ranar da sunan Daidai ya liƙe masa, amma kowa ya san dalili. Tela ne, kuma tun yana koyon aiki, in ya zagaya wa mutum tef a ƙirji ko a ƙugu, sai ya danne da babban yatsa ya ce, "Daidai." Ya yi aure da kalmar, ya yi furfura da ita, har mutanen layin suka ƙara masa Baba a gaba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka wanda gefensa ya yi santsi don shan hannu, da wani madubi mai tsaga da ba ya so kowa ya daɗe a gabansa. Abin taƙamarsa a duniya guda ne: ba ya kiran mutum gwaji. Awo ɗaya yake yi, ka tafi, ka dawo ka karɓi kayanka. In ka ce bari ka saka a gani, sai ya ɗaure fuska kamar ka zage shi. Maganar gaskiya, akan samu hannun riga ya ɗan zarce ko wuya ya ɗan matse, amma yadi abu ne mai haƙuri. A ja nan, a saki can, a bi da guga, a rabu lafiya. Shi dai bai taɓa saka wannan cikin kuskure ba.

Matarsa Mai Zare ake ce mata, don a rumfar zare da maɓallai ya same ta a kasuwa, kuma ba ta bar rumfar ba har 'ya'yansu suka girma. Mace ce mai saurin tafiya. In sun fita tare, ita ce a gaba, shi yana baya yana mita, sai ta tsaya a kwana ta jira shi hannu a ƙugu. Wata safiya tana shara tsintsiya ta faɗi daga hannunta, ta sunkuya ta ɗauka, ba ta tashi ba. Ɓarin jiki ne ya shanye. Magana ta dawo bayan 'yan makonni, ƙafa ta dawo rabi da rabi, hannu kuwa ya ƙi.

Ba ciwon ne ya kulle ta a gida ba, ranar dawowa daga asibiti ce. A motar maƙwabci aka kawo ta, irin ƙananan nan masu kusan jan ciki a ƙasa. Shiga ba ta yi wuya ba, tunda faɗawa kawai ake yi. Fitar ce aiki. Babban ɗansu, wanda gidan ke kira Babba, ya kama ta ta hammata, maƙwabcin ya kama ƙafafu, suka ciro ta kamar buhu. Ɗankwalinta ya zame, takalmi ɗaya ya shige ƙarƙashin mota, layin kuma ya cika da masu sannu. Ba ta yi kuka ba. Da aka kwantar da ita aka watse, ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ba za a sake ɗaukata a gaban mutane ba." Tun daga ranar ba ta taka ƙofar gida ba. Mai yi mata gashin ƙashi ita ke zuwa ta same ta. An sayo keken guragu, ta hana a kira shi da wannan suna, sai gidan ya koma ce masa kujera.

Baba Daidai ba mutum ne mai lallashi ba, bai iya ba. Abin da ya iya shi ne awo. Ya lura in ta zauna a wuri mai ƙasa sai an ɗaga ta, sai ya riƙa saka katako ƙarƙashin ƙafafun gadonta, yau ya ƙara, gobe ya rage, har aka kai tsayin da take zama ta kuma miƙe da kanta, da sanda kawai. Ya auna daga ƙasa zuwa bakin katifa, ya ja layi da allin tela a jikin tef ɗinsa, ya ce, "Daidai." Yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, kuma kowa ke kiranta Gwaggo, ta ce ita ba ta taɓa ganin mai jinya da tef ba. Gwaggo tana da ra'ayi a kan komai, daga gishiri har likita, kuma tun zuwanta ba a taɓa yin hira tsakanin mutum biyu a gidan ba sai ta zama ta uku.

Ana cikin haka Auta, ƙaramar 'yarsu, ta haihu a wani gari mai tafiyar rabin yini. Da tiyata aka ciro yarinyar, likita ya hana mai jego doguwar tafiya. Kullum sai a kira ta waya a nuna wa Mai Zare jaririya, ta ƙura wa gilashin ido, ta shafa shi da babban yatsa. In aka ce mata, "Umma, yaushe za ki zo?" sai ta ce ba za ta je ba, ai ga ta tana gani. Baba Daidai ya daɗe da ita, ya san wace irin "ba zan je ba" ce wannan. Tana son ta riƙe jikarta fiye da komai, tana kuma tsoron a ciro ta daga mota a gaban surukai. Ya san kuma in ta ƙi fita saboda wannan jaririya, to ba abin da zai sake fitar da ita har abada.

Ya taɓa mallakar mota, wata tsohuwa da ta yi masa hidima har injinta ya gaji ya rabu da ita. Lasin ɗinsa kuwa bai taɓa bari ya mutu ba, don shi ba ya son abu ya lalace a aljihu. Sai ya rufe shago wata ranar aiki, ya rataya tef a wuya, ya nufi kamfanin da ke ba da hayar motoci.

Fili ne mai shimfiɗaɗɗen siminti, motoci jere an wanke su, da ɗan ofis mai sanyi. Matar da ke kan tebur, wata mai tabarau da ta ga masu haya iri-iri, ta tambaye shi wace iri yake so, ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Ta biyo shi waje da makullai. Ya buɗe ƙaramar mota ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa bakin kujera, layin allin ya wuce kujerar da nisa. Ya je wajen wata babbar jif, nan kuma kujerar ce ta wuce layin, sai an taka matakala. A tsakaninsu akwai wata ƙaramar jif mai ruwan toka. Ya ɗora tef, layin ya zauna a bakin kujera kamar don shi aka ƙera ta.

"Daidai," in ji shi.

"Baba, riga za ka ɗinka mata?" in ji matar.

Ya faɗa mata dalili a taƙaice. Ta daina murmushi, ta shiga gaya masa halin motar ba tare da kwalliya ba. Ta ce tana da tsayi, zai hango gaba sosai, kuma ba za ta buga ciki a rami ba. Ba ta shan mai kamar babbar, ba ta da wuyar fakin. Amma ta ce kada girman da ya gani daga waje ya ruɗe shi, cikinta bai kai yadda take nunawa ba. Tana ɗan rangaji a kwana, in ta cika da mutane kuma takan yi nishi a hawa. Sannan but ɗin, wurin kaya na baya, gajere ne.

Ya ɗaga murfin baya, ya shimfiɗa tef a kan daɓen but ɗin, tsawo da faɗi, yadda yake shimfiɗa shi a kan teburin yanka. Ya riga ya auna kujerar Mai Zare a naɗe. Za ta shiga, har da rarar yatsa biyu.

"Da ka kawo kujerar an gwada," in ji matar.

"'Yata, tun kafin a haife ki nake awo. Ban taɓa kiran mutum gwaji ba."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma ofis ta cika masa takardu.

Shawo kan Mai Zare bai ɗauki dogon zance ba, don bai yi zancen ba. Ya kawo motar ƙofar gida da yamma, ya shigo ya nuna mata layin allin, ya ce kujerar gaba tsayin gadonta ce, ba ƙari ba ragi. Ta daɗe tana kallon tef ɗin. Sannan ta ce a fito mata da mayafinta mai ruwan ƙasa a goge.

Da safe layin ya san za a fita. Masu shara suka tsawaita shara, mai kanti ya fito yana gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Babba ya turo ta a kujera har bakin mota, ya miƙa hannu, ta ce ya matsa. Ta dafa sanda ta miƙe, ta juya baya a hankali, ta lalubi bakin kujerar motar da cinya, ta zauna. Ta ɗaga ƙafar mai lafiya ta shigar, ta kama ɗayar da hannu ta jawo ta. Ɗankwali yana nan a kai, takalma biyu suna ƙafa. Ta dubi mai kanti ta gilashi ta ce, "Ina kwana?" kamar jiya ta wuce ta gabansa. Baba Daidai ya juya ya shiga harkar kaya.

A nan ne awo ya ba shi kunya. Aka naɗe kujerar aka kwantar a but, ta shiga lafiya lau. Aka jawo murfi, ya ƙi rufuwa. Murfin ba a miƙe yake ba, yana da gangara zuwa ciki daga sama, kuma hannayen kujerar suna tokare gilashi. Tela a shimfiɗe yake ganin duniya, bai ɗaga kai ya dubi gangarar ba. Aka juya ta, taya ta tokare. Aka tsayar da ita, rufi ya hana. Ya sa hannu ya ɗan danna yadda yake yi wa kafaɗar riga, Babba ya riƙe shi ya ce, "Baba, gilashin haya ne fa." Ƙarfe ba ya sakewa, guga kuma ba ta da amfani a nan.

Gwaggo, wadda ta riga ta shiga baya da jakunkunan kayan jariri har kan cinya, ta leƙo ta ce, "Kai Daidai, yau kuma ba daidai ba?"

Shawarwari suka taso ta ko'ina. A ɗaure ta a kan rufi: motar ba ta da ƙarfen ɗaure kaya, ga hadari yana haɗuwa. A mayar a karɓo babba: to ai babbar ce ke buƙatar a ɗaga mutum. A bar kujerar a gida: Mai Zare ba ta iya tafiya mai tsawo da sanda. Babba ya gano ana kwantar da kujerun baya, sai dai in an kwantar da ɓangaren da zai ishi kujerar, abin da ya rage wurin mutum ɗaya ne, shi ma a matse da kaya. Gwaggo ta ce ita kam ba ta sauka, jaririya tana buƙatar babba a kusa. Babba ya ce dole shi ne zai je, ko da za a buƙaci ɗauka.

Mai Zare ba ta juyo ba. Ta ce, "Ku kwantar da duka biyun."

"Umma, to wa zai ɗauke ki in an isa?"

"Wa ya ce maka za a ɗauke ni? Yaya, ki yi haƙuri, ku biyo motar kasuwa jibi. Malam, rana tana yi."

Gwaggo ta sauko tana faɗin abubuwan da ba sai an maimaita ba. Aka kwantar da kujerun, kujerar Mai Zare ta shige da sauran wuri har na jakunkuna, murfi ya rufe. Baba Daidai ya shiga ya tayar da mota, ya nemi ba da sigina ya kunna abin share gilashi, ya nemi kashe shi ya watsa ruwa. Haka suka bar layin, gilashi yana ta sharewa ba ruwan sama.

Motar haya ba ta san ka ba, kai ma ba ka san ta ba. Ta riƙa yi masa ƙara a kan abubuwan da bai gane ba, birkinta kuma da ɗan taɓawa take cafkewa, har sai da ƙafarsa ta koyi ladabi. Madubin tsakiya tayar kujera kawai yake nuna masa. In tirela ta wuce, iskar takan ture su gefe ya ƙanƙame sitiyari. Amma da suka shiga inda titi ya farfashe, motar ta bi ramukan ba ta buga ciki ko sau ɗaya ba, shi kuma yana hango su tun daga nesa yana kaucewa. Mai Zare tana ta kallon waje. Daga tsayin nan ana ganin abin da ke bayan katanga: shanya, awaki, wata mata tana yi wa 'yarta kitso. Ta ce an rushe tsohon gidan mai. Ta ce an yi wa gada fenti. Shi dai yana cewa, "Haka ne."

Rangajin da matar ta faɗa gaskiya ne. Ɓarin da ya shanye shi ne ta wajensa, kuma duk kwanar da suka sha, hannun nan yakan zame daga cinyarta ya faɗo tsakanin kujeru, kusa da giya. Da farko ta riƙa jawo shi da ɗayan hannun, amma tana buƙatar wancan don riƙe ƙofa. A wata kwana ya faɗo, Baba Daidai ya ɗauke shi ya mayar mata a cinya, idonsa na kan titi. Hannun da ɗumi, ya kuma fi yadda ya zata nauyi. Tun da ta kwanta, Gwaggo da mai gashi ke taɓa hannun nan, shi katako da tef ya riƙe. A kwana ta gaba ya sake mayarwa. A ta gaba da ita, inda hanya ta miƙe, bai yi saurin ɗauke nasa ba. Yau kam babu Gwaggo, balle ta zama ta uku.

Sun isa bayan azahar, hadarin ya bi ta wani wuri. Gidan Auta yana kan layi mai gangara, da kwata a gaban ƙofa. Mijin Auta ya fito da sauri, uwarsa da ƙannensa mata suna bayansa, maƙwabta kuma suna leƙe. Baba Daidai ya tsaya inda ya samu, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa. Ta juyo ta sauko da ƙafa, ƙafar ta yi lilo a iska. Ƙasa ta yi nisa. A kan siminti mai shimfiɗa ya auna, nan kuwa ta gefenta titin ya zurma.

"Umma, bari in taimaka," in ji surukin, yana naɗe hannun riga.

Mai Zare ta mayar da ƙafarta ciki. Fuskarta ta koma irin ta ranar asibiti, Baba Daidai ya gane ta nan take, tsoro kuma ya kama shi sosai. Ya san in ta ce a juya, juyawa za a yi, kuma shi ke nan.

"Dakata, ɗana," in ji shi. Ya rufe ƙofar, ya koma ya tayar da mota. Ya yi gaba, ya yi baya, ƙaramar jif tana ta ƙararta, ya matsa kusa da wani dakalin siminti da aka yi a kan kwatar. Ya fito ya durƙusa a gaban surukai ya ɗora tef. Layin allin ya zarce. Ya koma ya gyara, ya hau da taya ɗaya, ya sauko da ita. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallon tsoho da tef a wuya yana kai mota yana kawowa. A karo na ƙarshe layin allin ya zauna a bakin kujera. Ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa, sai ya fasa.

"Mai Zare," ya ce, "gwada mu gani."

Ta dube shi. Ta san abin da wannan magana ta ci masa. Ta sauko da ƙafa, tafin ya taɓa siminti ya zauna. Ta ce ya bar sandar, ya matso. Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta gaisa da uwar surukinta a tsaye. Surukin ya ciro kujera daga baya, ta ce a kai ciki, za ta same ta a can. Daga ƙofa zuwa ɗakin Auta ba nisa, amma sun daɗe a hanya, ita tana jan ƙafa, shi yana ƙarƙashin hannunta, kuma ko a haka rabin taku tana gabansa. Da ta zauna aka miƙo jaririya, ta ce a ɗora ta a kan hannun da ya ƙi, ta tallafe da mai lafiyar. Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar asibiti, Auta ma ta kama, Baba Daidai ya fita wai zai duba ko ya kulle mota.

Ranar mayar da mota, matar mai tabarau ta zagaya ta tana dubawa, ta tambaye shi yaya ya same ta. Ya ce but ɗinta ƙarya ne, tana rangaji, tana da surutu, kuma duk wanda ya sa abin share gilashi a wurin sigina bai kyauta ba. Ta ce to wani karon sai ya ɗauki wata. Ya ce a'a, wannan dai, ranar Asabar mai zuwa, Mai Zare ta ce tana so ta ga wanda ya gaji rumfarta a kasuwa.

Matar ta buɗe ƙofar gaba ta kama ƙarfen da ake ja da kujera, za ta mayar da ita baya.

"Kada ki taɓa, 'yata. A nan ƙafarta take samun wuri."

"Baba, motar haya ce. Gobe wani zai shiga ya ja ta inda yake so."

Ya san gaskiya ta faɗa. Sai ya laluba aljihu ya ciro guntun allinsa, ya durƙusa a kan simintin, ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya ja ɗan layi a jikin ƙarfen, can ciki inda mai wanki ba zai kai ba.